Zango ko Gidan Fatoma: Ina Matafiyi Mai Ƙaramin Guzuri Zai Kwana?

 

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan tafiya da ƙaramin guzuri, saboda a 'yan shekarun nan 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama suna samun damar fita Turai, wasu karatu, wasu kwas na 'yan watanni, kuma tambayar da suka fi yi wa waɗanda suka riga su zuwa ita ce ta wurin kwana. In mutum ya sami hutu yana son ya ga birane biyu ko uku, kuma aljihunsa bai kai na otal ba, abu biyu ne ke gabansa. Ko dai ya sayi tanti ya riƙa kafawa a filayen da aka keɓe don haka, ko kuma ya kama gado a masaukin matasa, wanda su can suke kira hostal, kalmar da duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ta. Zan faɗi ra'ayina a kan wanda ya fi. Amma ku yi mini haƙuri in fara daga gida, domin kakanninmu na wannan yanki sun yi wannan lissafi tun kafin Turawa su fara yawon buɗe ido.

Kamar yadda malamanmu na tarihi suka koya mana, Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa Jega, 'yan shekaru bayan rasuwar mahaifinsa a 1818. Garin bai daɗe ba kasuwarsa ta shahara, saboda yana bakin Gulbin Zamfara, kuma yana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Gumi, garin Kambarin Barebari, ya yada zango a Jega, ya ƙetare Kwara ta wajen Ilo ko Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, har ya isa Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Kayan da suke ɗauka sun haɗa da kanwa, da jar fata, da tufafi, da gabu. Mutanen Aliero su lura da wannan na ƙarshe: tun kafin a san tirela, ganyen albasa busasshe yana cikin abin da ƙasar Hausa ke kaiwa kurmi a musanya da goro.

Girman irin wannan ayari ba wasa ba ne. A 1826 Baturen nan Kilafatan ya gamu da wani a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya rubuta cewa mutanensa maza da mata sun haura dubu, dabbobin kaya kuma sun kai yawan mutanen. To, jama'a, wane gida ne zai ɗauki mutum dubu da jaki dubu? Babu. Saboda haka a kan hanya zango ake yi, a bayan gari, kusa da ruwa. Jagaba yana gaba, madugu ke da iko a kan kowa, uban dawaki ke tara abin da za a ba sarakunan hanya da masu fito. Da an sauka, a kwance wa jakai kaya, a tara mangaloli a tsakiya, a kafa 'yan bukkoki na ciyawa, in wurin da tsoro a ja shingen ƙaya, mata su ɗora girki, samari su raba dare wajen gadi. Ba wanda ke biyan kuɗin kwana. Abin da ke sa mutum ya runtsa a dajin Bargu shi ne yawan jama'a da tsarin madugu. Falke ɗaya da jakinsa biyu in ya ce zai yi haka shi kaɗai, to sai dai a ji labarinsa.

Da ayari ya iso babbar kasuwa kuwa, sai lissafi ya juya. Manyan fatake ba su zama a fili da dukiyarsu, sai kowa ya nufi gidan fatomansa, wato mai masaukinsa. A nan nake so in ɗan daɗe, domin aikin fatoma ya fi yadda yaran yanzu suke zato. Shi ne zai ba ka ɗaki, gidansa ya ciyar da kai, ya ajiye maka kaya a ɗakin da ke da ƙofa. Shi ya san farashin jiya da na shekaranjiya. Dillalansa ne za su kawo mai saye, in cinikin na bashi ne shi zai tsaya a kan cewa za a biya, in ba a biya ba a wuyansa yake. In ba ka jin harshen garin shi ne tafinta. In rigima ta kai ka gaban sarki ko alƙali shi zai raka ka, in ciwo ya kama ka gidansa za a yi jinya, in ta Allah ta kasance shi zai yi maka sutura ya aika wa danginka da abin da ka bari. Duk wannan bai ce ka biya kuɗin ɗaki ba. Abincinsa yana cikin la'ada da alherin da za ka yi masa in ciniki ya faɗa, da kuma sanin cewa baɗi ma gidansa za ka sauka, ɗanka ma haka.

Wannan tsari ne ya haifi unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Ankara ta Gana da Lome, ya haifi Sabo ta Badun da aka kafa a 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon nan ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda masu gidaje ke riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ba banki ba takardar yarjejeniya. Abin sha'awa, kalmar da asalinta wurin kwana ɗaya ne a daji ita ce ta zama sunan unguwar da mutum zai haifi 'ya'ya da jikoki. Ko Sansanin Mango da na ambata, a ƙasar Togo take yau, sunanta daga sansani ya fito. Hanyar kanta ta mutu a hankali: yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watse kasuwar, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a wajen 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan ya hau dogo.

To, mu je Turai. Masaukin matasa malamin makaranta ne ya ƙirƙiro shi, kuma ina so iyayenmu malamai su ji wannan. Wani malami Bajamushe, Richard Schirrmann, ya fita yawon ƙafa da ɗalibansa a watan Agusta na 1909, hadari ya tare su, suka sami mafaka a wata makarantar ƙauye da ke hutu. A daren nan ya yi tunanin cewa azuzuwa suna zaune ba kowa duk lokacin hutu, alhali yara matalauta ba su da inda za su kwana in sun fita ganin ƙasarsu. Kafin Yaƙin Duniya na Farko an buɗe masauki na dindindin a tsohuwar fadar Altena, abin ya bazu, Ingila ta kafa tata ƙungiyar a 1930, a 1932 kuma aka haɗa ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Amstadam. Dokokinsu na farko sai ka ce na makarantarmu: ɗakin maza daban na mata daban, ba giya, akwai lokacin rufe ƙofa, kuma da safe kowa sai ya yi shara ko wanke-wanke kafin ya tafi. Yawancin wannan ya wuce. Masaukan yau da yawa na 'yan kasuwa ne, ɗaki mai gadaje huɗu zuwa goma sha biyu ko fiye, gado kan gado, kowa da lokarsa, banɗaki na tarayya, da ɗakin girki inda za ka dafa abin da ka sayo.

Shi kuwa tanti, yaranmu kan ɗauka cewa kyauta ne, kamar yadda makiyayi ke sauka inda dare ya yi masa. A wasu ƙasashe kaɗan haka ne. A Suwidin da Norwe da Finlan al'ada da doka sun ba kowa damar ya kwana a daji ko da ba nasa ba ne, muddin bai yi ɓarna ba. A Norwe sharaɗin shi ne ka nisanci gidan da ake zaune a ciki da mita 150, kada kuma ka wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba da izini ba. Sikotlan ma ta yi irin wannan doka a 2003. Amma a Holan da yawancin Jamus da wurare da dama na Italiya, kafa tanti a inda ba a keɓe ba laifi ne mai tara. Dole ka je fili na kuɗi, inda sau da yawa za a caje ka kuɗin kanka daban, na wurin tanti daban, na mota in kana da ita daban, wani wurin har ruwan zafi na wanka sai ka saka kwabo. Da yawa daga filayen nan kuma rufe su ake yi in sanyi ya shigo, sai wajen watan Afrilu a sake buɗewa.

Duk da haka, in an kwatanta kuɗin dare ɗaya da dare ɗaya, a manyan birane lokacin bazararsu tanti ya fi araha, musamman in mutum biyu ko uku za su raba. Ba na musun wannan. Abin da nake cewa shi ne a ƙarasa lissafin. Filin tanti a bayan gari yake, kamar zango. Na Faris yana dajin Bulon a gefen birni, na masu zuwa Benis suna can ƙetaren ruwa a gaɓar tudu. Kullum sai ka biya kuɗin bas ko jirgi shiga da fita, ka kuma lura da motar ƙarshe ta dare. Sai kuɗin sayen tantin da buhun barci da katifar iska. Sai nauyi: falke yana da jaki, kai kuwa bayanka ne jakinka, daga tasha zuwa tasha. In ka hau jiragen sama masu araha irin su Ryanair, kuɗin babbar jaka kan kai na tikitin ko ya fi shi, kuma ba za a bar ka ka shiga da tukunyar gas ta girki ba. Ni kaina na taɓa naɗe jiƙaƙƙen tanti da asuba a gefen wani birni na Jamus bayan ruwan kwana biyu, a tsakiyar watan Yuli, yatsuna ba su lanƙwasuwa don sanyi. Bazarar Turai ba bazarar Maiyama ba ce.

Babbar magana kuma ita ce kaya. Tanti ba shi da ƙofa. In ka shiga gari da safe, ko dai ka ɗauki fasfo da kwamfuta da kuɗi a jikinka yini guda, ko ka bar su a bayan ƙyalle da zif. Baturen da ya ɓatar da katinsa zai hau jirgin ƙasa ya koma gida. Ɗan Najeriya da fasfonsa mai ɗauke da biza ya ɓace, ya shiga wahalar da sai wanda ya gani. Mu tuna da abin da bizar nan ke ci: tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne, sai inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000, kuma ana so ka nuna shaidar inda za ka kwana. Takardar kama gado a masauki mai adireshi da lambar waya ta fi saurin gamsar da ma'aikacin ofishin jakadanci da na kan iyaka fiye da bayanin cewa za ka kafa tanti duk inda ka samu. Ba daɗin faɗa, amma mai fasfo irin namu tambayoyin da ake yi masa sun fi na wasu yawa.

Masaukin matasa ma yana da nasa. Da yawa yanzu ɗakunansu a gauraye suke maza da mata, sai ka duba da kyau kafin ka biya. Akwai ɗakuna na mata zalla a wurare da dama, kuma 'ya'yanmu mata kada su kama wani in ba shi ba. Wasu masaukan mashaya ce a ƙasa, kiɗa har ƙarfe biyu na dare. Tukwanen ɗakin girki kowa na dafa abin da ya ga dama a ciki, har da naman alade, don haka ƙaramar tukunya taka ta kanka ba ta da nauyi. Ga salla: a arewacin Turai cikin watan Yuni rana kan kai wajen ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, alfijir kuma ya keto tun wajen ƙarfe uku, sai ka tashi cikin mutum bakwai masu barci ka lallaɓa ka nemi lungu. A nan kam mai tanti ya fi ka sakewa, ya shimfiɗa dardumarsa a kan ciyawa ba mai kallonsa. Alhazan da ke cikinmu sun san daɗin tanti da wuyarsa a Mina, kuma sun san cewa bayan gobarar 1997 ne aka maye gurbin tantunan ƙyalle da waɗanda wuta ba ta ci. Kada wanda ya kunna risho a cikin tanti, ko a Turai ko a ina.

Hukuncina dai shi ne na kakanninmu. In kuna da yawa, kuna da mota, kuma daji da duwatsu da tafkuna kuka fita gani a ƙasashen da doka ta yarda, ku yi zango. In kai kaɗai ne ko ku biyu, kuna bin jirgin ƙasa ko bas irin FlixBus daga birni zuwa birni, kwana biyu nan kwana uku can, ku nemi masauki a cikin gari, ku kama gado tun da wuri, ku sayi kwaɗo mai kyau. Wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi ba fatoma ba ne, ba zai tsaya maka a bashi ba, amma zai gaya maka wace unguwa ce ba a bi da dare, ina masallaci, ina kantin Turkawa ko Larabawa mai naman halal. In kuwa akwai ɗan gida a birnin, ɗalibi ko ma'aikaci, wanda zai ba ka tabarma a falo, to wannan ya fi duka biyun, sai dai a tuna baƙo raɓa ne, ɗakunansu ƙanana ne, kuma wasu masu gidajen haya ba su yarda da baƙon da ya wuce 'yan kwanaki.

Shugaban taro, waɗanda za su je Turai a cikin 'ya'yanmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Masu kwana a fili a kan hanyoyinmu na gida su ne da yawa, kuma ba don sha'awa suke yi ba. Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Maiyama da Koko lokacin kakar albasa ya ga motoci shaƙe da buhuna, mutane a zaune a samansu, za su bi ta Yawuri da Kwantagora da Mokwa da Jaba da Ilori har Badun ko kasuwar Mil 12 a Ikko. Inda mota ta tsaya nan ne zangonsu, a ƙarƙashinta ko a kan kaya, domin albasa ba ta jira kuma ba a barin ta ba mai gadi. Da ambaliya ta yanke hanya a Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, motocin kaya sun yi kwanaki a jere, mai ɗanyen kaya yana kallon dukiyarsa tana lalacewa. A rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairun 2021 kuwa, 'yan kasuwarmu sun yi asarar rayuka da dukiya, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira gidan Sarkin Sasa suka fake. Wato ko a zamanin wayar hannu, ranar da abu ya ɓaci, gidan mai masauki ake nema.

Aliero kanta garin baƙi ce ta fuska biyu. Tun da daɗewa ana kawo masu karaya daga nesa wurin masu ɗori, kuma majinyaci da mai jinyarsa kan yi makonni a garin, yawanci a hannun gidan da ke yi masa magani, wanda shi ma wani nau'in fatomanci ne. Sannan tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006, ga ɗalibai daga ko'ina. A nan ne abin da ya fi damuna yake. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ana tura yaro cibiyar da ba a garinsu take ba, a ce ya kasance a wurin tun da sassafe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, uban da ya haɗa na zuwa da dawowa da ƙyar ba shi da na ɗaki. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai daga ƙauyen Maiyama sai ya kwana a tasha ko a barandar masallaci, sauro ya cinye shi, yana rungume da takardunsa, da safe ya zauna gaban kwamfuta a gwada shi da wanda ya kwana a gadon gidansu. Masallatai da yawa ma yanzu kulle su ake yi bayan lisha saboda halin tsaro, ba kuma za a zarge su ba. 'Ya mace kuwa sau da yawa iyaye sai su ce ta haƙura da jarrabawar.

Don haka ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya, kuma ba mai cin kuɗi da yawa a ciki. Na farko, sakatare ya buɗe rajista ta tsofaffin ɗalibai da suka yarda su sauki yaro ɗaya ko biyu na kwana ɗaya zuwa uku, a Jega da Aliero da Birnin Kabi da Argungu da Yawuri da Zuru da Sakkwato da Zariya, da duk inda muke da mutum, har da ƙasashen waje. A rubuta wanda gidansa zai iya karɓar 'ya'ya mata a hannun iyalinsa. Yaro ba zai je ba sai da takarda daga shugaban makaranta ko wani ɗan kwamiti, don mai gida ya san wanda ya shigo masa, kamar yadda falke ba ya sauka gidan fatoma sai da wanda ya gabatar da shi.

Na biyu ga iyayenmu malamai da hukumar makaranta yake. A duba ko za a iya neman izinin ma'aikatar ilimi a keɓe ɗaki ɗaya, lokacin jarrabawa ko lokacin hutu, don yaran wasu garuruwa da aka turo wannan yanki. Ƙungiya ta ɗauki nauyin tabarmi da gidajen sauro da fitila da ɗan abin da za a ba mai gadi, wani malami ya sa ido, yaran su share ɗakin kafin su tafi. Na yi wa ma'aji alkawarin gidajen sauro ashirin daga wurina in an amince, kuma sunana ne zai fara shiga rajistar. Ina roƙon shugaba ya sa maganar cikin ajandar zaman da za a yi bayan sallar la'asar.